Bakin Hammawa

Ranar da Hajiya Bintu ta miƙa wa ɗanta Mansir makullan kamfanin man gyaɗa na Tirwun da ke Bauchi, ba ta tsaya doguwar huɗuba ba. Gwiwoyinta sun ƙi ta, likita ya hana ta zirga-zirga, shi kuma ga shi ya dawo daga Fatakwal da takardun karatu da shekara tara na aikin kamfani. Magana ɗaya ta yi masa.

"Madam Ngozi ce ke kwashe rabin man da muke matsa. Shekara goma sha shida ba ta taɓa dawo mini da jarka ɗaya ba. Ranar da ta bar mu, ka kawo mini makullaina."

Mansir ya ce in sha Allahu ba za a kai ga haka ba. A ransa kuwa cewa ya yi tsohuwa ba ta san wanda ta haifa ba. Shi da ke shirin ninka abin da ake matsa, ana yi masa zancen jarka ɗaya.

Kada a ci haƙƙinsa, mutum ne mai ƙoƙari. Cikin wata biyu ya sa an shafe bango da fenti, ya saya wa ma'aikata safar hannu da takalman roba, ya sa wa banɗakin mata ƙofar da aka shekara ana alkawarinta. Ya kafa wata na'ura a bakin shiga, kowa ya zo da safe sai ya dangwala babban yatsa ta rubuta lokacin zuwansa. Kusa da ita ya rataye wani koren akwati mai kwaɗo, ya tara ma'aikatansa talatin da ɗaya ya yi musu bayani: duk mai ƙorafi ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Suka ce madalla, Allah ya ƙara girma.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, shi ne bakin Hammawa.

Hammawa Bafillatani ne daga Miri, dogo, siriri, gemunsa ya fara fari. Shi ke kula da babban injin matsa tun ranar da aka sauke shi daga mota, shekara ashirin da takwas ke nan. Da kunne yake aiki. In injin ya sauya murya, zai gaya maka wane noti ne ya kwance kafin ya ajiye kofin shayinsa. To amma Allah ya hore masa baki. Hajiya Bintu kuwa Babarbariya ce, iyayenta daga Borno suka zo suka zauna a Gwallaga, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: kowanne ya ce ɗayan bawansa ne, a yi ta ba'a, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Duk tsawon shekarun nan Hammawa bai taɓa kiran mai kamfanin Hajiya ba. "Baiwata" yake ce mata a gaban kowa, ita kuma ta ce masa "mai bin wutsiyar saniya", ma'aikata su yi ta dariya.

Mansir ya san wannan wasa sarai. A kafaɗar Hammawa ya fara leƙa cikin injin nan yana ɗan shekara bakwai. Sai dai a ganinsa wasa yana da wurinsa: gidan suna, gidan biki, inuwar hira bayan la'asar. Kamfani kuwa kamfani ne. Inda ya yi aiki, ko ƙofar manaja ba a taɓawa sai an nemi izini.

Da kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwannin ƙauye, Mansir ya riga kowa. Ya sayi buhu ɗari uku tun farashi bai tashi ba, ya cika sito, yana ta jin daɗin kansa. Wata Talata ya kawo baƙi biyu daga Kano masu son a riƙa matsa musu mai, yana zagayawa da su. Suna isowa wajen injin, Hammawa ya damƙo gyaɗa daga buhu, ya murza a tafinsa, ya ɗaga murya yadda har matan da ke tsince tsakuwa a rumfa za su ji.

"Kai ɗan baiwata, wannan gyaɗa ce ka sayo ko ɗanyen kifin Baga? Ku Barebari in abu ba shi da danshi hankalinku ba ya kwanciya. Matsa ta za mu yi ko miya za a kaɗa?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Ɗaya daga cikin baƙin ma ya murmusa, kuma murmushin nan ne ya ƙona Mansir. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Sai da baƙi suka tafi, sannan ya shiga ofis ya buga takarda da Turanci: an dakatar da Malam Hammawa mako biyu saboda rashin ladabi ga shugaba a gaban baƙi. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya fito ya ba shi.

Hammawa ya karɓa da hannu biyu. Mansir ya gaya masa abin da ke ciki a taƙaice, cewa hutun mako biyu ne na dole. Dattijon ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya goge hannunsa da tsumma, ya hau babur ɗinsa ya nufi Miri.

Da mako biyu suka cika ya dawo, ya dangwala yatsa kamar kowa, ya tsaya a ƙofar ofis ya rusuna.

"Barka da asuba, ranka ya daɗe."

Mansir ya ji sanyi a ransa, ya ce to ga gyara ya kama. Kamfani ya yi tsit, ba shewa, ba hayaniya. In ya ce a loda, sai a loda. In ya ce a ƙara wuta a wajen suya, sai a ƙara. Ba mai musu, ba mai tambaya.

Sai dai mai ya ƙi. A da jarka sittin ake cikawa a wuni, ta koma hamsin, ta koma arba'in da biyar. Wanda ke fitowa ɗin ma ba shi da hasken da aka san shi da shi, in ya kwana sai wani abu kamar laka ya kwanta a gindin jarka. Mansir ya ɗauko makaniki daga cikin gari, ya kwance injin ya ɗaura, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya zana jadawali a allo, ya sauya wa mutane wuraren aiki, ya yi alkawarin tukuici ga ɓangaren da ya fi ƙwazo. Kamar an shuka dusa.

Ya tara ma'aikata a tsakar kamfani.

"Jama'a, akwai wata matsala ne?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Ya dubi Hammawa. "Malam Hammawa, injin fa?"

"Yana yin abin da aka ba shi, ranka ya daɗe."

Ya juya ga Mary, shugabar matan tsince, wadda ta fi shekara ashirin a rumfar nan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Muna godiya, Manaja." Da aka watse ya ɗauko ɗan makulli ya buɗe koren akwatin. Gizo-gizo ne kaɗai ya yi amfani da shi.

To ina laifinsu? Rabinsu ba su iya rubutu ba, rabin da suka iya kuma sun san ya san rubutun kowa. Ban da haka ma, wa ke duban idon ɗan mai gida ya ce masa ya yi wauta, bayan ya ga abin da ya sami wanda ya fi kowa daɗewa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Suka shafa, suka ja bakinsu.

Ranar Asabar motar Madam Ngozi ta shigo, ba don ɗauka ba, don saukewa. Jarka goma sha biyu yaranta suka jera a gaban ofis. Ngozi ta yi shekara talatin a Bauchi, shagonta na kasuwar Muda Lawal, daga nan take sayar wa masu suya tana kuma aikawa kudu. Ba ta da kwana-kwana a magana.

"Mansir, masu ƙosai sun ce manka yana kumfa kamar sabulu. Ni ban zo faɗa ba. Saboda mamanka zan turo mota ranar Alhamis. In ya sake zama haka, ka yi haƙuri, akwai wani a Gombe da ya dame ni da waya."

Ta juya za ta shiga mota, sai ta tsaya tana waige-waige. "Me ya sa wurin nan ya yi shiru kamar asibiti?"

"Tsari ne, Madam."

Ta dube shi, ta ce, "To," ta rufe ƙofa.

Bayan la'asar ya nufi Gwallaga. Ya ajiye mota a bakin titi saboda lungun ba ya ɗaukar abin da ya fi keke, ya taka zuwa gida. Hajiya na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, kaskon turaren wuta a gefenta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zayyana mata komai, da makaniki da jadawali da jarkokin Ngozi. Zancen takardar dakatarwa ne kawai ya tsallake, ita kuma ba ta nuna ta sani ba, alhali labari ya iso mata tun ranar.

"Me Hammawa ya ce?"

"Ya ce injin yana yin abin da aka ba shi."

"Da wane suna ya kira ka?"

Mansir ya ce, "Ranka ya daɗe."

Hajiya ta yi salati a hankali. "Ashe yajin aiki ake yi maka ba ka sani ba."

"Hajiya, ba wanda ya yi fashi ko na rana ɗaya. Na'ura tana nan, kowa yana dangwalawa."

"Ta ga yatsunsu, na ji." Ta gyara zama. "Kana tsammanin don daɗin zagi na bar Bafillatani yana kirana baiwa shekara ashirin da takwas? Mary ba za ta iya dubana ta ce aiki ya yi musu yawa ba. Masu dako ba za su ce na sayo buhu mai huji ba. Hammawa suke gaya wa, shi kuma ya naɗe abin a cikin ba'a ya jefo mini a gaban kowa. In yi dariya, in rama, in koma ofis in gyara. Ba wanda ya kai ƙarar wani, ba wanda ya ji kunya. Ni ma in na ga lalaci ya yi yawa, shi nake kamawa, in ce Fulani ba su san komai ba sai kwanciya a gindin itace. Kowa ya san da wa nake. Kashegari sai ka ga aiki."

Mansir ya daɗe yana kallon tabarma. Abin ya yi masa ciwo, don ya ga gaskiya ce, kuma da ƙuruciyarsa yana wurin ake yi, bai taɓa gane aiki ake yi ba.

"To zan ba shi haƙuri. Takardar dakatarwa na ba shi, zan janye ta a rubuce."

"A rubuce," in ji Hajiya. "In ka ba shi haƙuri zai ce ba komai, kuma shi ke nan ka rasa shi. Abokin wasa ba da haƙuri ake dawo da shi ba."

"To da me?"

"Kai ba Babarbare ba ne?" Ta ƙara turare a kasko. "Makullaina suna aljihunka?"

"Suna nan."

"Riƙe su zuwa Alhamis."

Ɗan boko da taurin kai, sai da ya gwada tasa. Litinin da safe ya kira Hammawa ofis, ya ba shi kujera, ya ce ya yi nadama, a yafe masa. Hammawa bai zauna ba. Ya ce, "Haba, ba komai, ranka ya daɗe. Ai ɗa na kowa ne." Ya rusuna ya fita ya koma wa injinsa. Har azahar jarka goma sha tara aka cika.

Bayan salla ma'aikata sukan zauna a inuwar dalbejiya su ci shinkafa da waken da wata mata ke kawowa. Mansir bai taɓa zama a wurin ba, a ofis yake cin nasa. Ranar nan ya fito. Mutumin da ya sha tsayawa gaban manyan kamfani yana bayani, sai ga shi taku ashirin ya zame masa aiki. Wasu suka fara miƙewa, ya yi musu alama su zauna. Hammawa na can gefe, ya juya wa jama'a baya da ɗan kwanonsa.

Mansir ya yi gyaran murya.

"Ku dubi bawan uwata. Ya juya baya yana ci kamar ba ya ci. Ku Fulani, a ba ku abinci ku ce kun ƙoshi, a kau da ido ku lashe kwano."

Wallahi bai iya ba. Maganar ta fito a bushe kamar mai karanta sanarwa. Cokula suka tsaya. Hammawa bai juyo ba. Ran Mansir ya ce masa ya koma ofis tun da sauran mutunci. Ya taɓa makullan da ke aljihunsa, ya tsaya.

"Ko bakin naka ka sayar ne ka sayi maraƙi?"

Hammawa ya gama tauna abin da ke bakinsa. Ya sha ruwa. Sannan ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallon Mansir, kallon da ba dariya a cikinsa.

"Mary," in ji shi, "kin ji? Ɗan baiwa ya yi baki."

Mary ta rufe bakinta da gefen zane.

"To tunda ka tambaya. Babarbare ya je Fatakwal ya shekara tara, ya dawo bai san gyaɗar da ta sha rana da wadda ba ta sha ba. Baiwata ba ta da takarda ko ɗaya, amma haƙori take sa wa gyaɗa. In gyaɗar ta ce ƙas, a saya. In ta yi shiru, a bar wa mai ita. Kai ka jibge buhu ɗari uku a sito da danshinsu, na ƙasa har sun fara fumfuna, sannan kana kiran makaniki ya duba injin."

Dariya ta fara daga wajen masu dako, ta bi ta kan kowa. Mansir ma ya yi, duk da cewa kowace kalma sai da ta cije shi.

"Sai kuma dogarin nan naka na bakin ƙofa da muke gaisarwa da yatsa," Hammawa ya ci gaba. "Matan nan shekara nawa suna tsince gyaɗa, zanen yatsunsu ya goge, ba ya gane su. Kullum sai sun yi rabin sa'a suna dangwalawa suna gogewa a zane, ni ina zaune da injin ba abin da zan ba shi. Shi kuma ya rubuta maka sun makara. Mary tana nan tun ba ka fara aske gemu ba, yau ƙarfe ne zai ce bai san ta ba."

Wannan karon Mary ba ta yi dariya ba, babban yatsanta take kallo. Mansir ya tuna gargaɗi uku da ya yi mata a kan makara, da yadda kowane karo take cewa za ta gyara. Ya ji nauyinta ƙwarai. Amma ya tuna abin da Hajiya ta ce, cewa ana ramawa.

"Ku kuma Fulani," ya ce, yana bin fuskokin duka talatin da ɗayan da ido, "kuna ganin rami, ku tsaya kuna kallo saniya ta faɗa, don kada a ce kun yi magana."

Aka yi 'yar dariya ta ƙasa-ƙasa. Kowa ya san da wa ake.

"Saniyar ce ta ce kada a yi mata magana," in ji Hammawa.

Nan fa wuri ya kece da dariya, har mai abinci sai da ta ajiye ludayi. Da aka lafa, Mansir ya zauna a kan wani bulo ya tambaya me za a yi. Hammawa ya ce a fito da gyaɗar duka a baje a rana kwana huɗu, a tsince mai fumfuna a zubar, a wanke ƙyallen tacewa, injin ya huta. Kafin Asabar ba mai, ko ɗigo.

Motar Ngozi kuwa Alhamis za ta zo. Mansir ya juya abin a ransa. Zai iya matsa abin da ke sama-sama ya cika mata mota ya yi addu'a. Ya dubi sito, ya dubi rana, ya ce a fito da buhunan.

Bai rufe baki ba mutane sun miƙe. Ashe Mary ta san inda kowane tamfol yake, har da biyun da ke ƙarƙashin tarkace a bayan ofis, ta daɗe da ƙirga su. Mansir ya wuce bakin shiga ya zare wayar na'urar daga bango, sannan ya kira Ngozi.

"Madam, Alhamis ba za ta yiwu ba. Gyaɗar da na saya ba ta bushe ba, laifina ne. Ki ba ni zuwa Litinin."



"Wa ya gaya maka?"

"Hammawa."

"Ya fara magana?"

Bai kai ga amsawa ba muryar dattijon ta taso daga tsakar kamfani. "Ɗan baiwa, ajiye wayar nan ka zo ka kama bakin tamfol. Hannun naka lalle aka sa masa?"

Ngozi ta yi dariya. "Na ji shi. Litinin ɗin."

Har rana ta yi sanyi suna baza gyaɗa, Mansir a cikinsu, farar rigarsa ta koma ja. Da aka tashi ya shiga ofis ya zauna, jikinsa duk ciwo, ransa fes. Sai Hammawa ya shigo shi kaɗai, ya tura ƙofa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar nan, ta yi laushi, gefenta ya sha mai. Ya ajiye a kan tebur.

"Mansir."

Bai taɓa kiransa da sunansa ba, tun yana yaro.

"Riƙe abarka. Ni ban yi boko ba. Jikata na kai wa, 'yar aji shida, tana karantawa tana fassara mini a gaban mutanen gida. Da ta zo wani wuri sai ta tsaya, ta ce ba ta gane rubutun ba. Na san ta gane."

Mansir ya buɗe baki. Haƙuri ba ya aiki, an gaya masa, kuma wannan ba wurin wasa ba ne. Hammawa bai jira ba, ya fita, can aka ji shi yana yi wa mai gadi tsiya a kan ya kula da tamfol kada raɓa ta sauka.

Mansir ya warware takardar ya karanta, har zuwa sa hannunsa da hatiminsa. Ya mayar da ita yadda take, ya sa a aljihun da makullan suke. Makullan sun tsira. Amma akwai wata yarinya a Miri da sai ya je ya durƙusa ya gaishe da kakanta tana kallo, kuma ya ƙudurta ba zai bari Juma'a ta wuce ba.